Rumawan Baba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Baba kuwa ya riga mu. Ya cika ranar Talata da hantsi a wani asibiti da ke nan Bronx bayan jinyar kwana tara, washegari aka kai shi makwancinsa a hayin kogi. Mahaifin maigidana ne. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuma zan fara yanzu da yake kwance ba.

Gidanmu yana hawa na biyar a kan titin Grand Concourse, kuma tun da na tare bai taɓa cika irin na kwanakin zaman makokin nan ba. Hausawan New York ba mu da yawa, in wani ya yi atishawa a Brooklyn sai an ce masa yarhamukallahu a Bronx. Ma'aikatan ofisoshin jakadanci sun zo, ɗalibai sun zo, direbobin da ke jiran fasinja a filin jirgi sun zo, da mutanen Nijar da 'yan zangon Gana. Takalma suka tare bakin lif har maƙwabta na tsallakawa. Maza suna falo, mu mata muna ɗakina da kicin. Wani ya ce Baba ne ya saya masa rigar sanyinsa ta farko. Wani ya ce shekara biyu Baba na rubuta masa wasiƙar gida bai taɓa gajiya ba. Amma duk inda zance ya zaga, sai ya dawo kan abu guda.

Hajiya ce ta fi kowa maimaita shi. Maƙwabciyarmu ce a hawa na uku, mutuniyar Maraɗi, ita ta yi mini wankan jego. Tana zaune a kan tabarma da carbi, ta ce:

"Allah shi jiƙan Malam. Ni ganau ce, ba jiyau ba. Mutumin da ya ɗauki filaya da hannunsa ya fille kawunan gumakansa ranar sunan jikarsa, don tsoron Allah kaɗai! Wa ke iya wannan yanzu?"

Mata suka ɗauki kabbara. Ni ina gaban tukunya ina dama kunu, ban ɗago kai ba.

A rana ta uku wani tsohon Bature ɗan Italiya ya hawo, hularsa a hannu, da dunƙulen furanni. Mata suka rasa yadda za su yi da furanni a gidan makoki, ƙarshe wata ta tsoma su cikin butar alwala. Shi ne mai kantin da Baba ke sayen kayan aikinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana hawaye yana magana, maigida na fassarawa. Ya ce a duk waɗanda ke taruwa a kantinsa ranar Asabar ba mai hannun Baba wajen zana fuska, kuma har yau bai gane abin da ya sa ya daina ba. Hajiya ta leƙo ta ce, "Wace fuska kuma? Ku gaya mishi Malam ya tuba tun tuni."

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ba Baba ne ya fille kawunan nan ba. Ni ce. Kunyar abin ta hana ni barci mai daɗi shekara bakwai, kuma ban yarda a binne shi da yabon ƙarya ba, alhali na gaskiya yana nan ya fi shi girma.

Bari in koma farko.

Ni Bakanuwa ce, su kuwa mutanen ƙasar Katsina ne, daga wajen Ruma. An ɗaura aurenmu a gida, maigida ya koma bakin karatunsa da aikinsa na asibiti, ni na biyo baya ana tsakiyar yaƙin basasa. Ranar da na sauka, muna cikin mota daga filin jirgi, maigida ya ce mini:

"Za ki ga ɗan ƙaramin ɗaki kusa da na Baba, a rufe. Kada ki damu da shi. Rumawansa ne a ciki."

Na ce to. A raina na ce ashe da baƙi a gidan, 'yan uwansu daga Ruma, kuma ba wanda ya gaya mini yawansu. Washegari na zage don in nuna amarya ta iya, na tuƙa tuwon garin semo na mutum goma. Na jera kwanuka a tire, na durƙusa a bakin ƙofar Baba, kaina a ƙasa, na ce ga na baƙi.

"Waɗanne baƙi?"

"Rumawa, Baba."

Ban taɓa jin dattijo ya yi dariya irin ta ranar ba. Sai da ya dafa bango. Ya ɗauko makulli a jikin ƙusa, ya buɗe ɗan ɗakin, ya ce, "Mutanen Kano, ku zo ku gaida baƙinku. Ba su cin tuwo, amma sun gode."

Tun daga ranar sunana ke nan a bakinsa. Ya san surukarsa ba za ta iya haɗa ido da shi ba, shi ma ba zai kira sunana gatsau ba, sai ya mai da ni gari guda. Da safe ya ce, "Mutanen Kano sun tashi lafiya?" In gishiri ya yi yawa ya ce, "Yau mutanen Kano sun yi kyauta da hannu biyu."

Abin da na gani a ɗakin, a ɗan kallon da na yi kafin in sunkuyar da kai, allunan katako ne guda uku manya a kan tebura, kowanne da duniyarsa. Mutanen ciki na dalma ne, kowane bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. A allo na farko sansanin soja ne da ganuwa da tantuna, mayaƙa sun jeru da jajayen garkuwa. A na biyu duwatsu ne da ya gina da filasta ya lulluɓe da auduga a matsayin ƙanƙara, giwaye na hawa, wata ta zame tana shirin faɗawa kwari. A na uku gona ce, ya rina dusar katako ta zama ciyawa, ga wani manomi riƙe da garmar shanu, ga manyan gari sun zo gabansa, ga mutanen ƙauye maza da mata sun tsaitsaya suna kallo. Rumawan da ya ce ashe mutanen birnin Rum ne na zamanin da, waɗanda suka mulki rabin duniya kafin a haifi kakannin kakanninmu.

Baba malamin makaranta ne a gida. Wani Bature da ya koyar da su a midil ya cusa musu Latin, 'yan ajinsu duk suka tofar bayan jarrabawa, shi ya haɗiye. Bayan samun 'yancin kai aka kawo shi New York aikin akawu a wani ofis, a lokacin matarsa ta riga ta rasu. Wata Asabar yana yawon rage kewa ya ga sojojin dalma a tagar kantin ɗan Italiyan nan, ya shiga. Har ya yi ritaya, har ya tsufa, bai fasa hawan jirgin ƙasa mai lamba D duk Asabar zuwa kantin ba.

Ya fi son allon manomin. Shekarun nan kullum falonmu cike yake da gardamar sojoji da juyin mulki. In murya ta fara tashi sai Baba ya miƙe ya ce su biyo shi. Ina jiyo shi daga kicin:

"Wannan mai garmar da kuke gani, daga gona aka ɗauko shi aka danƙa mishi mulki duka, don abokan gaba sun taso. Ya kore su, ya aje mulkin, ya koma ya tarar shanunsa ba su manta shi ba. To ku nuna mini guda cikin masu kakinku."

Sai a fito, a koma gardama.

Bayan sallar azahar yake zama aiki, lokacin da rana ke shigowa ta tagar. Yana da gilashin ƙara girma mai hannu, da burushi da ya rage wa gashi har sai da ya zama kamar tsinken sakace. Jiki da sulke yakan gama cikin kwana biyu, amma fuska guda sai ta ci masa mako. In maigida ya ce, "Baba, wa zai ga wannan? Kan bai fi ƙwayar gyaɗa ba," sai ya ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska. In ba fuska, dalma ce kawai."

Alherinsa gare ni ba ya ƙirguwa, amma guda ɗaya ba ya barin raina. Na zo ban san boko ba sai ajami. Satin farko na zuba garin wanki a miyar kuka a zaton gishiri ne, don kwalayen sun yi kama.  Washegari na shiga kicin na tarar kowane gwangwani da kowane kwali an manna masa 'yar takarda da ajami, rubutu ƙanana masu kyau: gishiri, sukari, shinkafa, man gyaɗa. A jikin garin wankin ya rubuta, "Wannan ba na miya ba ne." Ba mu taɓa yin zancen ba, ni da shi.

Shi da Hajiya kuwa ba a rabuwa ba a yi ba. Takan tsaya a bakin falo ta ce:

"Malam, mutum da girmanka da karatunka, ka aje gumaka cikin gida?"

"Hajiya, gunki sai an bauta mishi. Waɗannan ni ke ba su umarni. Wanda na ce ya tsaya nan, shekara biyar bai motsa ba."

"Bon, to, ka ji da shi. Ranar tsayuwa za a ce ka hura musu rai."

"Allah ya san abin da ke raina, Hajiya. Ki gaida maigidan."

Ranar da ta fi tsananta masa, na ga ya tashi ya shiga ɗakinsa bai taɓa abincin rana ba. Ashe abin na cinsa, yana dai rufewa da wasa.

Na haihu a shekarar da aka gama yaƙi, mace. A gida da an mai da ni gidanmu wanka, amma a nan ba uwa ba inna, sai Hajiya. Ba zan ci amanarta ba, ta yi mini abin da uwa ke yi. Safe da yamma takan hawo ta tafasa ruwa a manyan tukwane ta juye a bahon wanka, ta gasa ni da tawul, ta dama mini kunu da kanwar da Baba ya yi yawon kwana biyu kafin ya samo. Sai dai tana gashi tana magana, kuma baki shi ke yanka wuya.

"Ɗiyata, ina jiye miki. Mala'ikun rahama ba su shiga gidan da ke da siffa. A raɗa wa jinjira suna a gidan da mala'iku ke tsaye a waje? Kuma na ji an ce Liman ya ce shi ba ya taka ƙafarsa nan. Da ma a cire musu kawuna, malamai sun ce in ba kai ba laifi. Amma wa zai gaya mishi?"

Kwana shida ina jin wannan, jikina ɗanye, ga kewar gida, ga jaririya da ba ta kama nono sosai ba. Duk kukan da ta yi sai in dubi ƙofar ɗan ɗakin. Ba ina neman uzuri ba ne. Ina da baki, da na gaya wa maigida. Ban gaya masa ba don na san zai ce in bar zancen.

Ranar suna, bayan asuba, Baba da maigida suka fita karɓo naman ragon da aka yanka a wata gona bayan gari, daga nan su biya su ɗauko Liman. Hajiya ta sauka ɗauko tukwane. Na ɗauki filaya a aljihun kabad na kicin, na sauke makullin daga ƙusa.

Dalma ba ta da gardama, ka matsa ka murɗa, shi ke nan. Na fara da sansanin soja, na bi mahayan giwaye, na ƙare da gonar manomi. Ban kalli fuskar ko ɗaya ba, nakan juya masa baya kafin in kama wuyan, don ina tsoron idanunsu. Na tattara kawunan cikin wani tsohon ɗankwalina mai ruwan goro, na ƙulle, na fita baranda na jefa a ramin shara na jikin bango, wanda ke zubawa can ƙasan gini inda ake ƙonawa. Na mai da makulli. Na koma gado na rungumi 'yata, ina jin kamar na yi jihadi.

Aka taru, aka yi addu'a, aka raɗa suna, sunan marigayiya matar Baba. Ana rabon goro sai na jiyo muryar Liman, wanda aka ce ba zai taka gidan ba, yana cewa:

"Malam, an daɗe ana ba ni labarin Rumawanka. Mu da muke karanta surarsu kullum, ai ya kamata mu ga kamanninsu. A buɗe mana mu sha kallo."

Na ji ƙarar makulli. Na ji takun maza sun bi shi.  Ƙofar ɗakina a ɗan buɗe take, ina hango bayan babbar rigar Baba. Ya daɗe a tsaye. Na ga ya miƙa hannu ya taɓa manomin, ya janye.

Wani ya ce, "Subhanallahi, wa ya yi wannan ɓarna?"

Baba ya juyo. Bai dubi ɓangaren ɗakina ba ko sau ɗaya. Ya ce:

"Ba ɓarna ba ce. Ni na yi. An daɗe ana mini nasiha, na ga yau ranar baƙuwa ce, gara ta tarar da gida yadda hankalin kowa zai kwanta."

Falo ya ɗauki kabbara. Hajiya ta rangaɗa guɗa daga kicin. Liman kuwa cewa ya yi, "Allah ya ba da ladan niyya." Baba ya koma ya zauna, ya ci gaba da miƙa goro, yana amsa barka.

Na ɗauka nan abin zai tsaya, zai sayo sababbi ya ci gaba. Sababbin kam ya sayo. Amma daga ranar, duk sojan da ya shigo gidan nan, kafin ya taɓa fenti sai Baba ya sa filaya ya cire masa kai da kansa. Ya riga ya faɗa a gaban jama'a cewa shi ya yi, ba zai bari maganarsa ta zama ƙarya ba. Shekara bakwai yana zana sulke da garkuwa da takalma, yana jera rundunar da ba ta da fuska. Gilashin ƙara girman ya shiga aljihun tebur. Aikin da kan ci masa mako ya koma na kwana biyu, sauran lokacin sai ya zauna a bakin taga yana kallon titi. Jama'a kuwa suka mai da shi abin misali, in za a yi wa wani wa'azin tuba sai a ce ka dubi Malam.

Ni kuma na samu mafaka mai kyau, wato kunya. Suruka ba ta zama hira da surukinta, ba ta kallon idonsa, ba ta ci a gabansa. Kowa na yabona, ana cewa duk zaman Amurka bai cire wa yarinyar nan kunya ba. Ba wanda ya san kunya biyu ce ta haɗu a kaina, ta tarbiyya da ta mai laifi, kuma ta biyun ta shige rigar ta farkon ta zauna abinta. Sau ɗaya na yi yunƙuri. Na kai masa shayi, na durƙusa, na ce, "Baba, akwai maganar da…" Ya tare ni:

"Mutanen Kano, miyar jiya ta yi daɗi ƙwarai. A ƙara yin irinta."

Na ce to, na tashi. Wallahi daɗi na ji da ya tare ni, kuma wannan daɗin ma ina jin kunyarsa.

A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ya nemi gafarar kowa kamar yadda aka saba. Da ya zo kaina na ce, "Ba ka yi mana komai ba, Baba, sai alheri. Mu ma ka yafe mana." Mu na ce, ban ce ni ba. Na ɓoye laifina cikin jam'i kamar yadda ya ɓoye sunana cikin gari. Ya ce, "An yafe tuntuni." Na ɗauka irin amsar da ake ba kowa ce.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka ragu, maigida ya ce mu gyara ɗakin Baba. Shi yana ninke riguna, ni ina share ƙarƙashin gado, sai tsintsiya ta bugi wani gwangwanin alewa mai faɗi. Na buɗe. Abin da na fara gani ɗankwalina ne mai ruwan goro, a wanke, a goge, a ninke. Na zauna a ƙasa.

Maigida ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce:

"Ranar sunan, bayan la'asar da mutane suka watse, ya ce in raka shi ƙasan gini. Muka roƙi mai kula da ginin kada ya kunna wuta. Baba ya naɗe hannun babbar rigarsa ya shiga tonon sharar gida talatin, har ya samo."

"Ashe ka sani? Duk shekarun nan?"

"Ya hana ni. Ya ce mai jego ce, in ranta ya ɓaci nono zai ƙafe, amaryarsa, wato jaririyar, ta sha wuya. Da aka yaye ta na sake tuntuɓarsa, ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

A ƙarƙashin ɗankwalin kawunan sojoji ne zube, amma a gefe guda akwai wasu, kamar guda talatin, kowanne an naɗe shi daban cikin 'yar takarda, da rubutun ajamin nan da na sani daga gwangwanin gishiri. Na warware na farko. An rubuta, "Babana." Na biyu, "Yayana da ya rasu a hanyar Makka." Na uku, "Sarkin fawan garinmu." Maigida ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini gilashin ƙara girma, ya ce in duba.

Na duba. Wanda aka rubuta Babana, shi ne kan manomin, yana da tsaga a kumatu biyu, layi-layi, irin ta fuskar Baba. Yayan yana da bille guda. Sarkin fawa ido ɗaya gare shi. Akwai wata mace mai 'yar baka da wushirya, takardarta ta ce, "Uwar yara." Maigida ya karɓi gilashin ya daɗe yana kallonta. Yana ƙarami ta rasu, kuma a garinsu a wancan zamani ba wanda ya taɓa tsayawa gaban mai hoto. Ya ce shi ma bai san da wannan ba sai yau, tsawon shekaru yana wuce mahaifiyarsa a kan tebur.

Ashe ranar da na tuƙa tuwon mutum goma ban yi kuskure ba. Rumawa ne a ɗakin, mutanen Ruma, iyayensa da 'yan uwansa da matarsa. Ya sa musu tufafin wasu mutane ya tsayar da su a gona guda don ya riƙa ganinsu bayan azahar a ƙasar da ba mai saninsu. Su na bi ɗaya bayan ɗaya na juya musu baya na murɗe.

Takarda ta ƙarshe ta fi sauran sabunta. Kan mace ce, da ɗankwali mai ruwan goro. Ita kaɗai ce ba a zana wa ƙwayar ido ba, fatar idon a sauke take, tana kallon ƙasa. Baba bai taɓa ganin idona ba balle ya zana. A jikin takardar ya rubuta, "Mutanen Kano."

Na kai gwangwanin kantin ɗan Italiyan makon jiya, karo na farko da na hau jirgin D ni kaɗai. Ya ce liƙawa ba wuya, in dai na san kan wa ke hawa jikin wa. Ban sani ba. Wanda ya sani yana hayin kogi. Manomin kaɗai muka gane saboda garmarsa, shi muka mayar, yana nan a falo, kuma duk wanda ya tambaya zan gaya masa ko waye da yadda aka yi kansa ya rabu da jikinsa. Hajiya na fara gaya wa jiya. Ta ce, "Ɗiyata, ashe da hannuna a ciki." Na ce a'a, ita baki ta sa, hannun nawa ne.

Jibi sadakar arba'in. Ina roƙon waɗanda za su zo, in za ku yabi Baba ku bar zancen gumaka. Ku ce ya rufa wa surukarsa asiri a gaban jama'a, ya sha yabon da ke ƙona shi shekara bakwai bai taɓa yamutsa fuska ba. Allah ya rufa masa asiri ranar da asirai ke tonuwa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da mutanensa fuska da fuska.

Baba, ba mutanen Kano ba ne. Ni ce, ni kaɗai. Ka yafe mini.